Allurar rage ƙiba: me take yi wa jiki, kuma wa za ta kai wa?

Tambayar ta fito ne daga wata malamar makaranta mai shekara 46. Ta ce ƙanwarta da ke aure a Ingila ta zo hutu, sai ta ga ƙanwar ta zube ƙwarai, da ta matsa mata da tambaya sai ƙanwar ta ce wata allura ce likita ya rubuta mata, sau ɗaya a mako. Ita mai tambayar nauyinta kilo 97, tana da hawan jini, gwiwoyinta kuma sun fara hana ta sallah a tsaye. Abu biyu take son sani: shin allurar nan gaskiya ce ko irin shayin rage tumbin da ake talla ne, sannan idan ta yaɗu a duniya, an gama da matsalar ƙiba ke nan?

Malama, Allah ya ƙara lafiya. Allurar gaskiya ce. Na daɗe ina duba masu ciwon suga da hawan jini, kuma a tsawon aikina ban ga maganin ƙiba da ya yi abin da wannan yake yi ba. Amma amsar tambayarki ta biyu ba ta da daɗin ta farko, don haka ki yi haƙuri da ni mu bi ta a hankali.

Duk lokacin da mutum ya ci abinci, hanjinsa yana sakin wani sinadari da ake kira GLP-1. Aikinsa uku ne: ya sa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke saukar da suga, idan suga ya hau, ya rage saurin da abinci yake barin tumbi, ya kuma kai wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa an ƙoshi. Sai dai wanda jiki yake yi da kansa ba ya wuce minti biyu a cikin jini kafin ya lalace. Abin da masana suka yi shi ne ƙera mai kama da shi wanda zai daɗe. Na farko da ya shiga kasuwa a 2005, exenatide, asalinsa daga yawun wani ƙadangare mai dafi ne da ke hamadar kudu maso yammacin Amurka. Daga baya kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ya fito da semaglutide, wanda yake yin kusan mako a jiki. An amince da shi a Amurka a 2017 da sunan Ozempic don masu ciwon suga, sannan a 2021 da sunan Wegovy don masu ƙiba. Magani ɗaya ne, yawan da ake bayarwa ne ya bambanta. Kamfanin Eli Lilly na Amurka kuma ya kawo tirzepatide, wanda yake kwaikwayon sinadarai biyu a lokaci guda, shi ne Mounjaro na 2022 da Zepbound na 2023. A Ingila Mounjaro da Wegovy ne suka fi yawa a hannun masu rage ƙiba, to mai yiwuwa ƙanwarki ɗaya daga cikinsu take yi.

A babban gwajin da aka buga sakamakonsa a 2021, an ɗauki mutum 1,961 aka bi su tsawon mako 68. Waɗanda aka yi wa semaglutide sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a ciki kuwa kashi 2.4 kawai, alhali duka ɓangarorin an ba su shawara iri ɗaya kan cima da motsa jiki. A gwajin tirzepatide na 2022, masu karɓar mafi yawa sun kai kashi 21. Idan muka ɗora wannan a kanki, kilo 14 zuwa 20 ake magana. Kafin zuwan waɗannan, sai tiyatar rage tumbi ce take kai mutum nan.

Mu likitoci ba mu yi saurin murna ba, domin an sha mu mun warke. An yi wani haɗin ƙwayoyi a Amurka da aka janye a 1997 bayan an gano yana lalata ƙofofin zuciya. An janye sibutramine a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Rimonabant ya fita daga kasuwar Turai a 2008 saboda yana jefa mutane cikin ciwon damuwa. Abin da ya sauya ra'ayina shi ne binciken da ya fito a 2023, wanda ya ƙunshi mutum 17,604 masu ƙiba da ciwon zuciya amma ba su da suga. Semaglutide ya rage musu haɗarin bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 20 cikin 100. A 2024 wani binciken ya nuna yana jinkirta lalacewar ƙoda ga masu ciwon suga. Duk wanda ya taɓa zama da iyalin da ke neman kuɗin wankin ƙoda sau biyu a mako ya san nauyin wannan labari.

Akwai wata mata da nake dubawa, mai sayar da atamfa, wadda ta fara allurar saboda suga. Wata na uku ta zo ta zauna, ta ajiye jakarta a cinya, ta ce: "Likita, tuwo ne a gabana da miyar kuka, na yi loma biyar sai na ji kamar na ci na gidan biki. Kuma abin da ya fi ba ni mamaki, da can ina cikin wanke kwanon rana ina tunanin abin da zan ci da dare. Yanzu tunanin ya tafi." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Ashe haka sauran mutane suke?" Wannan tambayar tata ta daɗe a raina. Shekara da shekaru ana ce mata ba ta da haƙuri, kwaɗayi ya yi mata yawa, ita ma ta yarda da hakan. Ashe saƙon ƙoshi ne ba ya isa inda ya kamata da ƙarfin da yake isa ga wasu. A ganina wannan shi ne babban abin da maganin ya koya wa duniya, ya ma fi rage kilo muhimmanci: yunwa aikin jiki ce, kuma ba daidai take ga kowa ba. Mai ƙiba ba rago ba ne. Gado yana ciki, yanayin rayuwa yana ciki, haihuwa da shekaru da rashin barci da wasu magunguna duk suna ciki.

To ga inda gizo yake saƙa. Mutanen gwajin 2021 ɗin nan, an ci gaba da bin wasunsu bayan an tsayar da allurar. Cikin shekara ɗaya, kashi biyu cikin uku na nauyin da suka rage ya dawo, hawan jini da suga ma suka fara komawa inda suka fito. Maganin ba ya warkar da ƙiba, riƙe ta yake yi, kamar yadda ƙwayar hawan jininki take riƙe jinin muddin kina sha. Jiki yana ɗaukar ramewa a matsayin alamar fari, sai ya ƙara yunwa ya rage abin da yake ƙonawa har sai ya mayar da abin da ya rasa. Saboda haka duk wanda ya ce miki ki yi wata uku ki huta, bai gaya miki gaskiya ba. Kafin a fara, a yi lissafin shekaru.

Kuma yana da wahalarsa. Tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin bayan gida, kumburin ciki da gyatsa mai wari, waɗannan suna samun mutane da yawa, musamman a makonnin farko. Shi ya sa a semaglutide ake farawa da 0.25 na miligiram a mako, a riƙa ƙarawa duk bayan mako huɗu, har a kai 2.4 idan jiki ya ɗauka. Wasu kan samu tsakuwa a matsarmama. Kaɗan kan samu kumburin gaɓar da ke samar da insulin, wanda alamarsa ciwon ciki ne mai tsanani da ke ratsawa zuwa baya, kuma wannan na asibiti ne a take. Ba a ba wanda a danginsa akwai wani nau'in kansar tayiroid ta wuya. Ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, kuma mai neman haihuwa sai ta daina semaglutide wata biyu kafin ta ɗauka. Tirzepatide yana iya rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa a farkon fara shi, ga shi kuma rage ƙiba kan dawo wa wasu mata da haihuwar da suka cire rai da ita. Wanda za a yi wa tiyata dole ya faɗa wa likitan da zai sa shi barci, saboda abinci kan daɗe a tumbi. Abin da ya fi damuna ga masu shekaru irin naki zuwa sama shi ne tsoka. Ba kitse kaɗai ake rasawa ba. Idan mutum bai ci wake, ƙwai, kifi, nama ko nono yadda ya dace ba, bai kuma motsa jikin da zai riƙe ƙarfinsa ba, zai rame ya kuma yi laushi, in ya daina maganin kitsen ya dawo, tsokar ba ta dawo ba.

Yanzu ga tambayarki ta biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane 8 a duniya yana da ƙiba, wato sama da biliyan ɗaya, cikinsu har da yara da matasa kusan miliyan 160. A Amurka kusan 40 cikin 100 na manya ne. Kwatanta wannan da kuɗin maganin. An daɗe ana sayar da Wegovy a Amurka a kan dala 1,349 a wata, kafin daga baya a rage wa masu biya daga aljihunsu. Ko Ingila, inda gwamnati take ɗaukar nauyin lafiyar jama'a, an ƙiyasta mutum miliyan 3.4 ne suka cancanci tirzepatide, amma aka tsara a fara da 220,000 cikin shekara uku na farko, saboda asusun ba zai ɗauka ba. Sauran sai su jira, ko su saya da kuɗinsu. A can ƙasashen kuwa ƙiba ta fi kama talaka, domin abinci mai arha shi ne mai maiƙo da zaƙi. Ke nan wanda ya fi buƙata shi ne na ƙarshe a layi. Ina tsoron a wayi gari jikin mutum ya zama shaidar abin da ke aljihunsa fiye da yadda yake a yau, mai hali siriri, marar hali kuma a ƙara ganin laifinsa, a ce ga magani ya ƙi nema.

Mun riga mun ga somin-taɓi. Da labarin Ozempic ya bazu tsakanin 'yan fim da masu kuɗi, sai ya yi ƙaranci a kasuwa daga 2022, har masu ciwon suga da aka yi maganin dominsu suka riƙa yawo kemis-kemis ba su samu ba. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta ce ƙarancin ya ƙare ba sai a Fabrairun 2025. A lokacin ƙarancin nan darajar Novo Nordisk a kasuwar hannun jari ta zarce abin da tattalin arzikin Denmak gaba ɗaya yake samarwa a shekara, har a 2023 ya zama kamfani mafi daraja a Turai. Shugaban kantunan Walmart a Amurka ya faɗa a shekarar cewa sun lura masu wannan allura sun ɗan rage sayen abinci. Kamfanin WeightWatchers, wanda ya shafe sama da shekara 60 yana koya wa mutane ƙidayar abin da suke ci, ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2025. Magani ɗaya ya girgiza waɗannan duka.

Tsadar nan ba dole ba ce. Wani bincike da aka buga a 2024, wanda masana daga jami'ar Yale da ƙungiyar likitoci ta MSF suka yi, ya ƙiyasta cewa ana iya haɗa semaglutide na wata guda a kan abin da bai kai dala 5 ba, har da riba. Haƙƙin mallakar da ya hana wasu kamfanoni yin sa wa'adinsa 2026 ne a Indiya, Sin, Birazil da Kanada, kuma yawancin magungunan da ke kemis ɗinmu daga Indiya da Sin suke zuwa. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan rukuni cikin jerin muhimman magunguna, don masu ciwon suga da ke da ƙiba tare da ciwon zuciya ko na ƙoda. Wanda ya ga yadda maganin ƙanjamau ya sauko daga abin da sai attajiri zuwa abin da ake rabawa a asibitin gwamnati ya san hakan mai yiwuwa ne.

A nan gida lamarin ya sha bamban, kuma dole in tsaya a kai. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 28 cikin 100 'yan shekara 15 zuwa 49 a Najeriya nauyinsu ya wuce ƙa'ida, 12 cikin 100 kuma sun rame fiye da kima, yayin da yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 suka tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma Arewa ce ta fi yawan waɗannan yara. A ɗaki ɗaya nakan ga uwa mai suga da teɓa, a goye da yaron da bai kai nauyin shekarunsa ba. Abinci ɗaya ne ya yi su duka biyun: shinkafa, taliya, burodi da lemon kwalba sun cika ciki, nama da ƙwai da ganye sun fi ƙarfin aljihu. Babu allurar da za ta gyara wannan. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne, kuma duk lokacin da na tambayi kuɗin biron allurar guda ɗaya, wato abin nan mai kama da biro da maganin yake zuwa a ciki, wanda bai wuce na wata ba, ya ninka wannan. Yawancin marasa lafiyata ƙwayar suga ta metformin da insulin ma da ƙyar suke saye.

Sannan mu al'umma ce da ta daɗe tana ganin ƙiba alamar hutu da kwanciyar hankali. Amarya in ba ta yi kumari ba bayan wata shida, sai a fara tambayar ko mijin ba ya ciyar da ita. Ban manta wata yarinya da ba ta wuce 22 ba, aka kawo ta tana yawan fitsari da ƙishirwa. Fuskarta ta yi zagaye ta cika, wuyanta ya yi tozo, ƙafafunta kuwa sirara, cikinta duk zane-zanen nankarwa masu duhu. Na tambaye ta me take sha. Ta kalli mahaifiyarta, sannan ta kunce bakin mayafinta ta fito da ƙulli a farar leda, ƙananan ƙwayoyi farare da babu suna babu kwali. Sha-ka-fashe ne, tun ana saura wata huɗu bikinta take sha kullum. Yawanci dexamethasone ne ake haɗawa da cyproheptadine, ɗaya yana tara ruwa da kitse yana hau da suga, ɗayan yana buɗe ciki. Kuma ba a daina shi farat ɗaya, sai da muka yi makonni muna rage mata a hankali. Abin da ya kai yarinyar nan ga ledar shi ne bakin mutane. Shi ne kuma zai kai ƙanwarta ga allurar ramewa in yayi ya juya, kuma a wayoyin 'yan matan birni ya fara juyawa. Ba na so mu fita daga wannan mu faɗa wancan. Maganin nan an yi shi ne don mai awon BMI 30 zuwa sama, ko 27 idan akwai suga, hawan jini ko makamancinsu. Ana samun awon ne in an raba nauyi da tsawo sau tsawo: mai kilo 80 da tsawon mita 1.6 tana da 31. Mai kilo 62 da ke son shiga rigar biki ba ta cikin lissafi.

Ga kuma jabu. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan Ozempic na jabu da aka kama a Birazil, Birtaniya da Amurka, a Turai ma an samu wanda insulin aka zuba a ciki, mutane suka sha suma saboda faɗuwar suga. In ya ratsa ƙasashen da ke da tsauraran matakai, ki auna kasuwar da ake sayar da magani a WhatsApp. Ko na gaske ne, sai an ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8 kafin a fara amfani da shi, bayan an fara kuma kada zafi ya wuce 30. Wani Alhaji ya taɓa kawo mini nasa da aka sayo masa daga waje, ya ciro shi daga aljihun gaban mota a watan Afrilu, biron har da ɗumi a hannuna. Ya yi mako biyu a wurin. Kuɗi masu yawa ne, amma dole na ce ya zubar.

To shin za a gama da ƙiba? A'a. Magani yana taimakon wanda ya riga ya kamu, ba ya hana yaro ɗan shekara 9 tashi da lemon kwalba a hannu a unguwar da babu filin wasa. Damuwata ita ce gwamnatoci su samu uzurin nade hannu, su ce ai akwai allura. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da Najeriya ta sa a dokar kuɗi ta 2021 ya yi kaɗan ƙwarai, tsadar rayuwa ta riga ta cinye shi. Abin da nake sa rai shi ne wanda ya fi wannan ƙanƙanta amma mai daraja: in farashin ya sauko, kuma aka fara ba waɗanda suka fi haɗari, za a samu raguwar masu shanyewar ɓarin jiki, masu wankin ƙoda da waɗanda ake yanke wa ƙafa. Gidaje da yawa ba za su sayar da gona ko fili don jinya ba.

Ke kuma Malama, da kilo 97 da hawan jini da ciwon gwiwa, alamu sun nuna kina cikin waɗanda maganin zai iya amfana, in dai tsawonki bai wuce na yawancin mata ba. Kada ki karɓi ragowar biron ƙanwarki, kada kuma ki saya a hannun wanda bai nemi takardar likita ba. Ki je asibitin da ke da sashen masu ciwon suga, a auna tsawonki da ƙugunki, a yi gwajin suga na wata uku, a duba ƙoda da hanta da kitsen jini. Ki tafi da duk abin da kike sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da na gwiwa, domin wasu magungunan ciwon gaɓoɓi da ake sayarwa barkatai akwai dexamethasone a ciki, kuma ba mamaki yana cikin abin da ke ƙara miki nauyi. Ki faɗa wa likitan ko kina da niyyar ƙara haihuwa, da kuma gaskiyar abin da za ki iya biya duk wata na tsawon shekara biyu aƙalla. In an yanke za a fara, kada a fara gab da azumi, saboda amai da ƙarancin shan ruwa a lokacin zafi suna taɓa ƙoda. In kuma kuɗin bai kai ba a yanzu, rage kilo 5 zuwa 10 ta hanyar barin lemon kwalba da sukarin shayi, rage tuwon dare da tafiyar minti 30 bayan la'asar yana saukar da hawan jini, kuma gwiwa takan ji sauƙin kowane kilo da ya tafi. Ki rubuta nauyinki da awon jininki duk Juma'a a bayan littafin darasinki, ki kai wa likitan in kin koma bayan wata uku.